Rawaya a Cikin Toka

Mu mazauna Kwangila ba kasafai muke ganin wutar daji da idanunmu ba, saƙonta kawai ke iso mana. Idan hunturu ya kankama, mace za ta shanya farin mayafi da hantsi, kafin la'asar ta tarar baƙaƙen ɓurɓushin ciyawa sun sauka a kansa, sirara kamar gashin ido, kana taɓa su su murƙushe su bar maka baƙi a yatsa. Sai ta karkaɗe mayafinta ta yi tsaki ta shige ɗaki. A ƙarƙashin gadar sama kuwa 'yan kamasho na ta kiran Kano da Funtuwa da Kaduna, babu mai ɗaga kai ya tambayi daga ina wannan toka ta taso, balle ya tambayi abincin wa ya zama hayaƙi. Haka na tashi ina ganinta kowace shekara, na ɗauke ta kamar hazo, wani abu da yanayi ke kawowa ya tafi da shi.

A ƙarshen watan Disambar da ya wuce tokar ta zama tamu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana da gona a gindin Dutsen Kufena, bayan Wusasa. Ya gama yankan dawa ya ɗaure dami goma sha huɗu, ya jingine su a jikin ɗorawa yana jiran ranar da zai sami motar ɗauka. Harawar wakensa tana kan reshe. A gefen gonar akwai 'ya'yan mangwaro ashirin da aka yi musu aure, waɗanda ya yi rani biyu yana kai musu ruwa a jarka bisa keke. Wasu samari masu farautar gafiya suka cusa wuta a bakin rami don hayaƙi ya koro musu nama, iska ta ɗauki harshen wutar ta jefa cikin busasshiyar gamba. Kafin mutanen ƙauye su kawo ɗauki da ɗanyen ganye, aikin gama ya gama. An ce samarin sun sami gafiya biyu.

Bayan mako shida Kawu ya aiko in raka shi ya duba wurin, domin tun ranar da abin ya faru bai sake taka ƙafarsa can ba. Na hau mota daga Kwangila na sauka a Ɗan Magaji, muka haɗu, muka bi ta Wusasa, daga nan muka kama turba a ƙasa. Tafiya ce ta kusan awa guda ga mai tafiya da dattijo. Da farko babu abin gani sai kunyoyin gonaki da tushiyar kara da ƙurar rani. Da muka tsallake wani busasshen rafi sai ƙasa ta sauya launi, muka shiga inda wuta ta bi. Na zo da shirin ganin baƙi ƙirin, na kuma shirya kalmomin jaje a bakina. Abin da na tarar ya sa na manta da su.

Tushiyar gamba, wadda ta ƙone ta zama kamar kan da aka yi wa ƙwal-kwabo, ta fitar da toho kore shar, tsawon ɗan yatsa, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba tun watan Oktoba. A cikin kwari tofa ta yi fure fari sol, iska na kaɗa shi kamar audugar rimi. Gwandar daji da kalgo, da rassansu suka zama gawayi, sun turo sabon ganye daga gindi, mai taushi, ja-ja kamar kunnen jariri. Sannan ga rawaya. Ban taɓa lura da ita ba sai ran nan: fure ne babba, ya kusa cika tafin hannun yaro, mai kunnuwa biyar, launinsa kamar gwaiduwar ƙwai, yana zaune daɓas a kan toka babu ganye babu reshe, kamar wani ne ya bi turbar da dare yana ajiye fitilu. Duk inda na waiga sai na ga wani. Can sama kuma ɗorawa ta fara sako jajayen tutunta.

Ban san lokacin da na ce, "Kawu, ashe wutar nan ma alheri ce!" ba.

Bai amsa ba. Ya tsuguna a gaban wata rawaya, ya sa tsinin sandarsa ya tone gefenta a hankali har ya kai ga saiwa, kakkaura mai kama da rogo. Ya ɓantari gefenta da farce, cikinta ya bayyana rawaya fatau, ya shafa mini a bayan hannu. Ya ce, "Ɗan nan, dubi kaurin wannan. Shekara nawa kake jin ta yi a nan?" Na ce da dama. Ya ce, "To wutar mako shida ce ta shuka ta?" Ya mayar da ƙasa ya rufe, ya miƙe muka ci gaba.

Tun daga ranar tambayar take bina. Idan ɓarna ta wuce, alheri ya tsiro a gurbinta, shin alherin yana rage wa mai ɓarnar laifi? Kuma mu da muka zo daga baya muka tarar da fure, me ya halatta mu ce?

Adalci ne a fara sauraron hujjar wuta, domin tana da ita, kuma ba ƙarama ba ce. Dajin ƙasar Zazzau, irin wanda doka da kaɗanya da maje suka yi wa sarauta kafin gatari da garma su ci ƙarfinsa, tare da wuta ya girma. Dubi ɓawon kaɗanya, mai kauri da tsage-tsage kamar bayan kada: sulke ne. Gamba tana ɓoye idon tohonta a ƙasa, inda zafi ba ya kai wa, saboda wutar ciyawa mai gudu ce, ƙasa kuma ba ta saurin ɗaukar zafi. Tofa takan yi fure sosai bayan an ƙone ta. Rawaya kuwa, wadda masana tsirrai ke kira Cochlospermum tinctorium, wadda kakanninmu suka rina tufafi da saiwarta har launin ya ɗauki sunanta, al'adarta ke nan: ganyenta na damina ne, furenta na rani, kuma an fi ganin sa a inda toyi ya share ciyawa. Makiyayin da ya sa wa saura wuta da farkon rani yana neman wannan tohon ne domin shanunsa, ya kuma rage kaska. Ba mahaukaci ba ne.

Ba a nan kaɗai ba. A shekarar 1988 wuta ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gandun Yellowstone a Amurka, jama'a suka yi ta makoki cewa wurin ya tafi ke nan. Ashe akwai wani itace a can wanda ƙwansonsa ke liƙe da ƙaro, ba ya buɗewa ya zubar da iri sai ya ji zafin wuta. Cikin 'yan shekaru furanni suka rufe tokar, 'ya'yan itatuwa suka taso bila adadin, masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa kallon farfaɗowar. Daga irin wannan ne mutane suka ɗauki karatun da ake yawan maimaitawa, wai daji ya san yadda zai warkar da kansa, wai wuta sabuntawa ce. Akwai gaskiya a ciki. Matsalar tana wajen abin da ake yi da gaskiyar.

A shekarar 1929 ma'aikatan gandun daji suka ware filaye uku a Olokemeji, tsakanin Ibadan da Abeokuta. Ɗaya ana ƙone shi kowace shekara da farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi. Na biyu ana ƙone shi a ƙarshen rani, ta bushe ƙayau. Na uku aka tsare shi daga wuta baki ɗaya. Bayan kusan shekara 30 aka koma aka ƙirga. Wanda aka tsare ya zama kurmi mai itatuwa iri-iri. Wanda ake ƙonewa da wuri ya riƙe itatuwansa gwargwado. Wanda ake ƙonewa a makare ya zama filin ciyawa da tsirarun itatuwa masu taurin rai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da mutum zai bi ta fili na biyun nan bayan mako shida da toyi, tabbas zai tarar da shi kore, zai ga fure, zai iya cewa abin da na ce wa Kawu. Filin yana farfaɗowa kowace shekara, kuma kowace shekara yana ƙara talaucewa. Ido ba ya iya ganin abu na biyun a tafiya ɗaya.

Dalili kuwa shi ne, waɗanda wuta ta kashe ba sa zuwa ba da shaida. Mai tafiya a turbar Kufena yana ganin rawaya saboda ta tsira. Ba ya ganin ɗan ɗorawar da ya tsiro bara, wanda bai kai ga yin ɓawo ba. Ba ya ganin hawainiya, wadda saurinta bai kai na wuta ba, ko bushiya da ta dunƙule a inda ta saba dunƙulewa, ko kunkuru. Ba ya ganin ganyen da ya kamata ya ruɓe ya zama taki, wanda sinadarin naitirojin ɗinsa ya bi hayaƙi. Abin da ya rage a toka, irin su fotash, iska ta kwashi rabonta ta kai wa masu shanya a Kwangila, ruwan farko kuma zai wanke saura zuwa rafi tunda ƙasa tsirara take. Kotu ce da aka kira waɗanda suka rayu kaɗai, aka tambaye su ko wuta na kisa.

Su ma waɗanda suka rayun, da me suka rayu? Wannan ne abin da Kawu ya tona ya nuna mini. Furen da na gani an biya kuɗinsa tun daminar bara da ta bara waccan, lokacin da ganyen rawaya ke shan rana yana tura abinci ƙasa yana tarawa. Tohon gamba ma daga rumbun saiwa aka ciro shi, bashi ne ciyawar ta ci daga jikinta, kuma idan shanu suka cinye tohon, wuta ta sake dawowa baɗi, rumbun zai yi ƙasa. Wuta ba ta kawo ko ƙwayar abu ɗaya wurin nan ba. Iyakarta ta ɗauke abin da ke sama, sai abin da ke ƙasa ya fito fili. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Karin maganar ta yi daidai da mai ƙona nasa. Ba ta ce komai ba game da wanda ya ƙona na wani sannan ya zo yana yi masa lissafin darajar toka.

Da a daji kaɗai ake wannan lissafi da ban ɗauki alƙalami ba. Na san wani gida, kowa ma ya san irinsa, inda aka riƙi maraya riƙon da ba a yi wa bawa. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne cin ƙanzo, shi ne kwana a zaure. Allah ya yi masa hanya ya yi karatu ya zama abin kwatance. Ranar da ya dawo da mota, wadda ta riƙe shi ta fito tana guɗa tana gaya wa maƙwabta, "Ai horon da na ba shi ne. Da na shagwaɓa shi da yanzu yana tasha." Mutane suka gyaɗa kai. Babu wanda ya tambayi ina ƙanwarsa, wadda aka yi wa irin wannan riƙon ita ma, wadda ba ta da kaurin saiwarsa. Haka malamin da ya kusa karya yaro da bulala yake ƙirga manyan mutanen da suka bi ta hannunsa, ba ya ƙirga waɗanda suka gudu daga karatu har abada. Haka idan kasuwa ta ƙone, kamar yadda ta Sabon Garin Kano ta yi a watan Maris na 2016, in an sake gina rumfuna sai ka ji mai wucewa yana cewa ai gobarar ta gyara wurin. Ƙaramin ɗan kasuwar da jarinsa duka ke cikin rumfa ɗaya, wanda ya koma ƙauye bai dawo ba, ba ya nan balle ya musa.

Za a ce mini, to ina ƙaddara? Ashe ba mu yi imani cewa Allah kan fitar da alheri daga abin da muke ƙi ba? Mun yi. Amma a duba ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. 'Yan'uwansa suka jefa shi rijiya, daga rijiya zuwa bauta, daga bauta zuwa kurkuku, daga kurkuku zuwa riƙon taskokin Masar, har ya ciyar da su a shekarun yunwa. Idan akwai masu ɓarnar da za su iya nuna kyakkyawan ƙarshe su ce da hannunmu a ciki, su ne. Ranar da suka gane shi ba su faɗi haka ba. Sun amsa cewa su masu laifi ne. Shi ne ya ɗauke musu zargi, shi ne kuma ya ambaci kyautatawar da Ubangijinsa ya yi masa. Kowa ya tsaya a matsayinsa: mai laifi ya amsa laifi, wanda aka zalunta ya yafe, alherin aka mayar da shi ga Mai shi. Da 'yan'uwan ne suka riga shi cewa ai abin ya zama alheri, da sun ƙara masa wata rijiyar. Magana ɗaya ce, amma a bakin Yusuf godiya ce, a bakinsu kuwa da ta zama ƙwace.

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan birnin Zazzau har gobe, ba su bar wannan a duhu ba: wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi ta tsallaka ta cinye dukiyar wani, biya ya hau kansa. Ba su ce a jira damina a ga ko gonar za ta yi kyau a rage masa ba. Gwamnatin tarayya ma ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai a shekarar 2011, ko da yake wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Kaduna da dare a watan Janairu zai ga yadda dokar ke ci da wuta a dama da hagu.

Kawu bai kai ƙara ko'ina ba. An san samarin, 'ya'yan maƙwabta ne, iyayensu ba su fi shi ƙarfi ba. Dattawa suka taru suka ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, ya ce ya haƙura. Abin da ya ƙona masa rai, kamar yadda ya gaya mini muna zaune a kan wani falalen dutse, ba dawar ba ce. A wurin zaman ne wani ya ce, da niyyar sanyaya zuciya, "Ai toka taki ce, baɗi sai ka fi kowa dawa." Kowa ya yi dariya aka tashi. Samarin ba su ce uffan ba, an riga an faɗa a madadinsu cewa ba a yi asara ba. Kawu ya ce, "Da ɗayansu ya zo ya ce Baba mun cuce ka, wallahi da na manta. Amma an nuna mini kamar ni zan yi godiya." Sai na tuna abin da na faɗa a bakin turba, kunya ta rufe ni. Ni da na zo jaje, na maimaita masa maganar da ta fi wutar ciwo.

Duk da haka ba zan yi ƙarya in ce furen bai yi kyau ba, ko in ce na daina jin daɗin tuna shi. Na jima ina tuhumar kaina a kan wannan, ina ganin kamar jin daɗin cin amanar Kawu ne. Yanzu ina ganin ba haka ba ne. Shi kansa, da muka taso, na gan shi ya rage tafiya a inda rawayar ta fi yawa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake wata don kada ya taka. Laifina ba kallon ba ne, hukuncin da na yanke da shi ne. Na ga ƙoƙarin saiwa na ba wuta lada. Mutum na iya tsayawa gaban maraya da ya zama wani abu ya cika da mamaki da murna, muddin ya san wa yake yi wa murnar, muddin kuma bai juya ya ce wa mai riƙon sannu da aiki ba.

Daga kan dutsen ana hango birni da hasumiyoyin masallatai cikin hazo, ana kuma ganin ragowar tsohuwar ganuwar da ta taɓa kewaye Kufena, ta zama tudu mai tsawo da ciyawa ta rufe. A kunnena sunan wurin kan yi kama da kufai. Mutane sun zauna a nan, sun tashi, daji ya dawo. Iyakar da wutar ta tsaya a bayyane take daga sama, kamar an ja layi da gawayi: nan fari-fari na busasshiyar ciyawa, nan baƙi mai ɗigon kore. Wata shirwa tana shawagi can gefen yamma, inda wani sabon hayaƙi ya fara tashi.

Muka sauko muka shiga gonar. Inda damman dawa suka jingina babu komai sai farar toka mai laushi da tabon ƙuna a jikin ɗorawa har tsayin mutum. Kawu bai tsaya nan ba, ya wuce wurin mangwaro. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, tsinke baƙi bayan tsinke baƙi, yana kankarar kowanne da farce ko zai ga kore. Sha bakwai sun mutu har ƙasa. Uku sun yi toho. Na buɗe baki zan yi hamdala da ƙarfi, sai na tuna, na yi shiru na jira shi. Ya duƙa ya duba inda tohon ya fito, ya nuna mini kumburin da ke jikin karan, wurin da aka haɗa auren. Tohon duk daga ƙasa da kumburin yake. Reshen mai daɗin da ya saya da kuɗinsa ya tafi, wanda ya dawo uwar ce, mangwaron gargajiya mai zare da ƙaton ƙwallo.

Na ce, "To yanzu tuge su za a yi, Kawu?"

Ya ce a'a. In sun yi kaurin fensir, cikin damina, zai je Samaru ya nemo reshe a sake ɗaura musu aure. Kafin nan suna bukatar ruwa duk bayan kwana uku, ga shi gwiwarsa ba ta son keke yanzu. Ya dube ni. Na ce ina da Asabar da Talata. Ya tattaro duwatsu ya kewaye kowanne daga cikin ukun don kada awaki su kai musu, ni kuma na ɗauki jarkar da ya ɓoye a kogon dutse, wadda gefenta ɗaya ya narke ya lotsa, na gangara neman rijiya.